Injin Huda Mai Batir: Abin da Mai Ƙaramin Ƙarfi a Ogui Zai Duba Kafin Ya Zaro Kuɗinsa

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗaya daga cikin gidajen hayar nan na Ogui ko Asata a birnin Inugu, inda ɗakuna ke jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ya san wata ƙara da takan tashi da hantsin Asabar ko bayan la'asar ɗin Lahadi, wato ƙarar guduma a kan kusar kankare. Galibi wani magidanci ne, ko sabon tarewa ko wanda ya ɗauko iyalinsa daga Arewa, yake so ya kafa ƙarfen labule, ko ya maƙala fanka a bango, ko ya ɗora 'yar kanta wadda uwargida za ta jera kwanoni a kai.

Kusa ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ta yi tsalle ta ɓace ƙarƙashin gado, ta uku kuwa ta shiga, amma sai da ta ɓalle filasta mai faɗin tafin hannu, yashi ya zubo a kan katifa. Maƙwabcin da ke bayan bangon, wanda ya kwana gadi yana neman ya runtsa, ya farka yana salati. Mai kula da gidan kuma ya leƙo, ya dubi ɓarnar, ya tuna wa ɗan haya cewa ranar tashi za a yi lissafi.

Wannan wahala ce ta sa a 'yan shekarun nan idanun mutane da yawa suka koma kan injin huda mai aiki da batir, wanda dā sai a hannun masu haɗa tagar alminiyom da masu kafa farantin talabijin ake ganinsa, yanzu kuwa ga shi jibge a shagunan Kenyatta da Ogbete, ga kuma tallarsa tana bin mutum har cikin wayarsa a Facebook da Jiji da Jumia. Mas'alar da ta rage ita ce, wanda abin hannunsa kaɗan ne, yaya zai yi ya zaɓi wanda zai yi masa aiki, bai yi israfi ba, bai kuma jefa kuɗinsa a rijiya ba?

Abin da ya jawo

Zaman Hausawa a Inugu ba na jiya ba ne. Tun da aka gano kwal a tuddan Udi a 1909, aka shimfiɗa layin dogo zuwa Fatakwal a 1916, sa'an nan gadar Makurɗi ta haɗa layin da Arewa a 1932, fatake da 'yan tireda da masu shanu suke saukowa suna zama kusa da tashar jirgi, har ta kai ga Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Amma duk da wannan daɗewa, mafi yawan jama'armu da ke kewayen masallacin titin Owerri da kasuwar Artisan a gidan haya suke, kuma ɗan haya mutum ne da kullum yake kafawa yana cirewa, yau a wannan ɗaki, baɗi a wancan.

Ga kuma tsadar rayuwa wadda ta taɓa kowane ma'aikacin hannu. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin motar da kafinta zai biya ya zo ya huda ramuka huɗu ya kan kusa kai ladan aikin kansa, don haka ko dai ya tsawwala, ko kuwa ya ce yana zuwa, a yi ta jiransa har mako ya zagayo. Ba laifinsa ba ne ƙwarai, domin wanda ke da aikin rufin gida ba zai bar shi ya tafi rataye madubi ba.

Dalili na uku shi ne wuta. Injin huda mai igiya ya fi araha, ya kuma fi ƙarfi a kan kuɗi ɗaya, wannan babu jayayya. Illa iyaka shi sai da wuta a daidai lokacin da ake bukatarsa, alhali kowa ya san yadda wutar lantarki take zuwa da yadda take tafiya. Mai batir kuwa yakan sha wutarsa da tsakar dare in ta zo, ko a jikin inbatar maƙwabci mai sola, ya ajiye ta har ranar da za a neme shi.

Sai dai naira ta faɗi a daidai lokacin da bukatar ta tashi. Dalar da ake canzawa a hukumance ƙasa da naira ɗari biyar a farkon 2023 ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar a 2024, kuma da yake kayan nan duk shigo da su ake yi, farashinsu ya bi ta. Nan ne masu kayan jabu suka sami ƙofa.

Taƙaitaccen tarihinsa

Injin huda mai lantarki ya haura shekara ɗari da talatin a duniya, domin a 1889 aka yi masa rajista a Melbourne ta ƙasar Ostareliya, kamfanin Fein na Jamus ya fito da wanda ake riƙewa a hannu a 1895, Black & Decker na Amurka kuma ya ba shi siffar nan ta bindiga mai kunama a 1917, shi ne kuma ya fara fito da mai batir a 1961. Batiran wancan zamani na nikel da kadmiyom ne, masu nauyi, masu zubar da caji ko ba a taɓa su ba.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne batirin litiyom, irin wanda ke cikin wayar hannu, wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, ya kuma shiga manyan kayan aikin hannu wajen 2005 ta hannun Makita da Milwaukee. Mai saye a yau bai kamata ya saurari wani batir ba in ba wannan ba.

Bango ne alƙali

Kafin a tambayi farashi, wajibi ne mutum ya tambayi kansa abin da zai huda, domin injin da ya isa ya haɗa gado ko ya ɗaura ƙofar kabad ba lalle ne ya iya da bangon gidan Inugu ba. Tallar da ake gani a waya yawancinta an shirya ta ne don gidajen Turai da Amurka, inda bangon ciki sau da yawa katako ne da allon farar ƙasa, wanda ko ƙaramin yaro zai huda. Namu kuwa bulon siminti ne, inci shida ko inci tara, an shafe shi da filasta, a wasu wuraren kuma, wato ginshiƙai da saman ƙofa da taga da dakalin bene, kankare ne zalla mai tsakuwa da rodi a ciki.

Saboda haka injunan suka kasu. Akwai mai juyi kawai, wanda aikinsa katako da ƙarfe mara kauri da ɗaure sukuru. Akwai wanda aka ƙara masa bugu, za ka ga hoton 'yar guduma a jikin zoben wuyansa, wanda yake juyi yana kuma dukan bango da sauri, shi ne ya dace da bulo. Akwai kuma babban nan mai tsarin SDS da Bosch ya fito da shi a 1975, wanda shi kaɗai ke cin kankare ba tare da ya galabaita ba, amma tsadarsa da nauyinsa sun fi ƙarfin bukatar mai ɗaki ɗaya ko biyu.

A ganina, wanda zai sayi inji guda ɗaya tak a gari irin wannan, ya sayi na tsakiyar, mai bugu, mai ƙarfin bolt 18, mai giya biyu: ta ɗaya a hankali da ƙarfi don ɗaure sukuru, wajen juyi ɗari huɗu a minti, ta biyu da sauri don huda, wajen dubu ɗaya da ɗari biyar. Bakin da ke riƙe abin hudar ya zama mai buɗewa har milimita 13 in hali ya yi, ko da yake mai milimita 10 ma ya wadatar da yawancin aikin gida. Ƙananan nan masu bolt 12 suna da daɗin riƙo, sun kuma isa ga mai gyaran kujeru ko mai haɗa kayan lantarki, amma a kan bango sukan yi ta nishi.

Wani abin lura, wanda ya kan ba baƙo mamaki, shi ne ƙarfen labule a saman taga ake kafa shi, wato daidai inda kankaren yake. Mutum ya huda bulo sau goma lafiya, ya zo nan inji ya tsaya cik, ya ɗauka an sayar masa da jabu, alhali kuwa tsakuwa ya tarar ko rodi. Maganin abin shi ne ya ɗaga ramin sama kaɗan ya wuce kankaren, ko kuwa don waɗannan ramuka biyu kawai ya nemi mai babban inji.

Akasin haka ma yana faruwa. Bulon da aka yi wa rowar siminti, kuma irinsa ba ya ƙirguwa a gidajen haya, in aka sakar masa bugu sai ya rugurguje, ramin milimita shida ya zama na shigar babban yatsa. A irin wannan bango a fara da juyi kawai, sai in ya ƙi sa'an nan a kunna bugun. Tayil kuwa ba a yi masa bugu faufau, sai a manna salatif a wurin don kada bakin ya zame, a bi shi sannu a hankali.

Lambobin da ke jikin kwali

Nan ne yaudara ta fi yawa, nan ne kuma ɗan lissafi kaɗan zai tsare wa mutum dukiyarsa. In aka buɗe batirin injin huda, abin da ke ciki ƙananan batura ne masu siffar gwangwani, kowanne faɗinsa milimita 18, tsawonsa 65, nauyinsa wajen giram 45. Kowanne yana ba da bolt 3.6 a yayin aiki, in kuma ya cika maƙil yakan kai 4.2. Biyar ake jerawa, biyar sau 3.6 kuwa 18 ke nan.

To, shi wannan batir mai 'ya'ya biyar, Makita da Bosch suna rubuta masa 18, DeWalt a Amurka da Ingco da Total suna rubuta 20, wasu kamfanonin Sin kuma suna rubuta 21, domin sun auna shi ne a lokacin da aka cire shi daga caja. Dukansu abu ɗaya ne, babu wanda ya fi wani da ko ƙwayar zarra ta wannan fuska, kuma wanda ya ƙara kuɗi don ya sami 21 a maimakon 18 ya sayi tawada ne kawai. Haka mai 12 da mai 10.8, 'ya'ya uku ne a cikin kowannensu.

Wannan dai ana iya kiransa dabarar talla. Abin da ya wuce dabara ya zama ƙarya tsagwaronta shi ne kwalayen nan da ake rubuta wa 48, ko 88, ko ma fiye, sau da yawa da wasu haruffa biyu a gefe don a sami mafaka in an kama su. Batirin da zai ba da bolt 88 na gaskiya sai ya ƙunshi 'ya'ya sama da ashirin, nauyinsu kaɗai ya kusa kilo guda, alhali wanda ake miƙo maka ko rabin haka bai cika ba. In ka ga irin wannan lamba, ba ƙarfin injin ta gaya maka ba, halin wanda ya ƙera shi ta gaya maka, kuma wanda ya yi ƙarya a bayan kwali, inda kowa ke gani, me zai hana shi yi a cikin batir, inda ba mai gani?

Lamba ta biyu ita ce wadda ake rubutawa da Ah, ita ce ke nuna yawan cajin da batirin ke ɗauka. Mai 1.5 ko 2 jeri ɗaya ne na 'ya'ya biyar, mai 4 ko 5 kuwa galibi jeri biyu ne, 'ya'ya goma, don haka ya fi kauri da nauyi. Siririn batir da ya yi da'awar 6 ko 8 bai faɗi gaskiya ba, domin irin waɗannan 'ya'ya, ko mafi kyawunsu, ba su wuce uku da rabi. Hannu ma'auni ne a nan: a ɗaga, a jinjina, a gwada da na wani shago.

Ga mai aikin gida, batir biyu masu 2 sun fi guda ɗaya mai 4 amfani, domin ɗaya na aiki ɗaya na kan caja, injin kuma bai yi wa hannu nauyi ba in ana aiki a saman kai. Cajin da irin wannan batir ke sha bai fi na wayar hannu biyu ba, ta yadda ko a farashin wutar rukunin A, wanda aka ɗaga zuwa sama da naira ɗari biyu kowane ma'auni a Afrilun 2024, cika shi bai wuce naira goma da 'yan kai ba.

Batir shi ne jarin

In da za a taƙaita wannan rahoto a magana ɗaya, da sai a ce ba inji ake saye ba, batir ake saye. Jikin injin, in ba a jefar da shi daga kan tsani ba, yakan yi shekaru masu yawa a hannun wanda ba kullum yake aiki da shi ba. Batir kuwa yana da ajali, ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta masa. Ranar da ya mutu, tambayar da za ta taso ita ce ko ana samun irinsa a kasuwa, domin galibi kowane kamfani yakan yi wa batirinsa mazauni na daban don kada na wani ya shiga.

Wannan ne ya sa kamfanoni matsakaita irin su Ingco da Total suka sami karɓuwa daga Inugu har Bridgehead ta Anacha, da Mile 3 ta Fatakwal, da Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano. Ba don sun kai Makita ko Bosch ƙarko ba, sai don batirinsu da cajarsu ana sayar da su daban, kuma batiri ɗaya yana shiga injin huda da injin yanka da fitila da abin hura iska na kamfanin. Mai ƙaramin ƙarfi da ya fara da inji ɗaya, in Allah ya buɗa, gaba sai ya sayi jikin wani injin kawai ba tare da batir ba.

Ta fuskar farashi, wanda yake sauyawa kusan kowane wata, abin da za a iya faɗa shi ne injin da ba shi da sunan kamfani, wanda ake cika akwatinsa da tarkace, yana kaiwa wajen rabin mafi ƙarancin albashi, wanda gwamnatin tarayya ta sa naira dubu saba'in a 2024, jihar Inugu kuma dubu tamanin. Matsakaicin yakan cinye albashin duka ko ya ɗara. Na manyan kamfanoni kuwa, in na gaske ne, sai an ninka sau biyu ko uku ko fiye. Saboda haka duk wanda aka miƙo wa sabon Makita ko DeWalt a farashin marar suna, ya sani launin kawai ya saya.

Akwai kuma injin da motar da ke juya shi ba ta da gawayi a ciki, wadda ba ta cika zafi ba kuma tana tattalin caji. Alheri ce ga mai sana'a, amma mai huda rami goma a wata bai wajaba ya biya bambancin ba, tun da gawayin ma in ya cinye ana sauya shi da kuɗi kaɗan a yawancin injuna.

Na hannu, wanda ake kira Beljiyom

Masu sana'a da yawa sun fi amincewa da tsohon injin Turai a kan sabon na Sin, kuma suna da hujja, domin ƙarfen ciki da giyarsa sun fi nagarta. Amma akwai tarko biyu. Na farko, Tarayyar Turai ta hana sayar da sabbin injunan hannu masu batirin kadmiyom tun ƙarshen 2016, don haka da yawa daga cikin tsofaffin da aka yasar can su ne suka biyo kwantena, batirinsu ya riga ya mutu ko yana gargara.

Na biyu, kayan da suka fito daga Amurka cajarsu ta wutar 120 ce, tamu kuwa 230 ce, kuma cajar da aka soka a bangonmu ba tare da na'urar rage wuta ba, hayaƙi ɗaya take yi ta gama. A juya bayan caja a karanta: in an rubuta 220 zuwa 240, ko 100 zuwa 240, to lafiya.

A bakin shago

'Yan kasuwa suna da nasu uzurin, kuma ya kamata a ji shi. Sukan ce kasuwa ce ke neman mai araha, mutum ya zo da kuɗin da bai kai ba, an nuna masa mai kyau ya ce ya yi tsada, to me za a ba shi? Sukan kuma ce kaya daraja-daraja ne, kowa da abin da aljihunsa ya ɗauka. Gaskiya ne, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma sharaɗin shi ne ya san rariya ce, ba a ce masa ƙwarya ba.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan. A babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, algus da ɓoye aibi haramun ne, wanda kuma ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa yana da zaɓin ya mayar. Dokar ƙasa ma ta tanadi hukumar SON mai duba ingancin kayan da ake shigowa da su, da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Sai dai tsakanin abin da ke cikin littafi da abin da ke faruwa in ka koma shago bayan kwana uku akwai tafiya mai nisa, don haka hankali shi ne a gama bincike tun kuɗi na aljihu.

A sa batir a kunna. A ɗaura dogon bakin huda a dube shi yana juyi, in ƙarshensa yana rawa yana zana da'ira, wuyan injin a karkace yake, kuma ba zai taɓa huda rami daidai ba. A danna kunamar a hankali a ga ko gudun yana ƙaruwa sannu-sannu ko kuwa fizga yake yi. A gwada gaba da baya, giya ta ɗaya da ta biyu, a kuma sansana ko akwai ƙaurin waya. Sa'an nan a roƙi mai shago ya kawo guntun bulo a huda a gabansa, a kuma tambaye shi farashin batir shi kaɗai. In ya ce babu, ko ya ce sai an aiko daga Legas, amsar ta isa.

A karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da kwanakin da aka yarda za a iya dawowa da shi. Wanda harshen Ibo ko Turancin kasuwa bai zauna masa ba, babu aibi ya tafi da wani ɗan'uwa mai sana'ar walda ko wayarin, wanda ya san shagunan ya kuma san farashin jiya.

Wani abu da ake mantawa shi ne a rage kuɗin bakunan huda. Waɗanda ake cusawa kyauta a cikin akwati, tare da filaya da awo da tarkacen da ke sa akwatin ya cika ido, galibi ƙarfen banza ne da ke dakushewa a rami na uku. Bakin bango guda biyu masu kyau, na milimita 6 da na 8, masu ɗan ƙarfe mai tauri a tsini, da ƙullin robar nan da ake kira fisha, wadda Bajamushe Artur Fischer ya ƙirƙiro a 1958, sun fi wannan tarkacen duka amfani. Inji matsakaici da baki mai kyau ya fi inji mai tsada da baki dakusasshe.

Masu cewa kada a saya

Ba kowa ne ya yarda da wannan yayi ba. Kafintoci da masu wayarin sukan ce rabin aikin da ake kiransu yanzu gyaran ɓarnar masu gida ne: wani ya huda bututun ruwa, wani ya huda wayar wuta da ke binne a filasta. Ko da akwai kishin sana'a a maganar, akwai gaskiya a cikinta, domin wayar wuta a bisa ƙa'ida tana tafiya ne a miƙe sama ko ƙasa ko gefe daga makunni da soket, kuma wanda ya huda a kan wannan layi ya yi ganganci da ransa. Masu gidajen haya su ma sun kasu, wasu sun fi son ramin inji mai tsabta wanda ake toshewa da ɗan siminti, wasu kuwa ba su son a taɓa bango ko kaɗan, don haka neman izini tun farko ya fi jayayya a ƙarshe.

Akwai kuma masu cewa abin da za a yi amfani da shi sau uku a shekara bai cancanci albashin wata guda ba, musamman da yake batirin yana tsufa a ajiye. Wannan magana tana da nauyi, kuma ga wanda bukatarsa ke nan, inji mai igiya ko kiran mai sana'a ya fi masa. A birnin Berkeley na Amurka tun 1979 akwai ɗakin da ake aron kayan aiki kamar yadda ake aron littafi. Mu kuwa da muke da adashi da zumuncin masallaci da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ba abin mamaki ba ne mutum huɗu ko biyar na gida ɗaya su haɗa kuɗi su sayi mai kyau guda, a ajiye shi wurin wanda aka fi amincewa da shi.

Sai dai a yi sharaɗi tun da fari, domin aro yana ɓata zumunci in ba a yi ba. A mazhabar Malikiyya, wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, irin wannan inji, shi ke da lamuninsa in ya ɓace ko ya lalace, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Sanin wannan kafin a miƙa ya fi tuna shi bayan an dawo da caja a ƙone.

Bayan an kawo shi gida

Abokan gabar batirin litiyom uku ne: zafi, da barinsa ya ƙare ƙaf a ajiye shi haka, da cajar da ba tasa ba. Kada a bar shi a cikin mota ko ƙarƙashin kwanon rufi da rana, kada a sa shi caji yana da zafin aiki, in kuma za a yi doguwar tafiya, kamar masu komawa gida da azumi ko lokacin noma, a bar shi da wajen rabin caji, a cire shi daga jikin injin. Ƙananan janareto da wutarsu ke hawa da sauka suna kashe caja, haka ma wutar da ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, don haka a zare ta daga bango in ba caji ake ba.

Damina a Inugu doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, laimarta kuma tana sa wuyan inji da bakunan huda su yi tsatsa ko a cikin akwati, sai a riƙa shafa musu ɗan mai. Ƙurar siminti kuma ba abar shaƙa ba ce, ba kuma abar shiga ido ba, tabarau da ƙyalle a hanci sun isa. Mai babbar riga ko mai mayafi ya tattare su, domin abin da ke juyi ba ya tambaya kafin ya naɗe.

In batirin ya mutu, ba lalle ne a yar da shi ba, domin a cikin masu gyaran kwamfuta da fitilun caji akwai waɗanda ke buɗe shi su sauya 'ya'yan. Abin lura shi ne 'ya'yan da aka ciro daga tsohuwar kwamfuta ba a yi su don jan wuta mai yawa a lokaci ɗaya ba, sukan yi zafi su mutu da wuri, don haka a nemi irin na injin aiki, biyar ɗin kuma su zama iri ɗaya, sababbi. Wanda ya kumbura ko ya fashe kuwa ba a gyara shi, ba a kuma jefa shi cikin sharar da za a ƙona, domin yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa. 'Yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan, waɗanda yawancin irin wannan kaya a hannunsu yake ƙarewa, ya kamata su riƙa ware shi gefe guda, kada su haɗa shi da ƙarfen da ake dakawa da guduma.